Bijimi Mai 'Ya'ya Mata 16,000 da Hakkin Saniya

A shekarar 1962 aka haifi wani ɗan maraƙi a Amurka, daga irin shanun nan masu dabbare-dabbaren baƙi da fari da ake kira Holstein. Aka raɗa masa suna Pawnee Farm Arlinda Chief. Yawancin shanun da suka ɗauki cikinsa ko ganinsa ba su taɓa yi ba, domin maniyyinsa ake daskararwa a rarraba wa gonaki. Ya bar 'ya'ya mata 16,000 da jikoki mata kusan 500,000, har aka ƙiyasta cewa kashi 14 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon shanun Holstein na Amurka daga gare shi suka fito. Abin da ya jawo rububinsa shi ne madarar 'ya'yansa.

Sai a 2016 masana ƙarƙashin Harris Lewin na Jami'ar California da ke Davis suka bayyana abin da ya tafi tare da wannan madara. Chief na ɗauke da aibi a ƙwayar gado mai suna APAF1. Duk ɗan tayin da ya gaji aibin ta wajen uwa da uba, a ciki yake mutuwa. An ƙiyasta ɓari wajen rabin miliyan a duniya, asarar dala miliyan 420. Amma ƙarin madarar da zuri'arsa ta kawo an yi mata kuɗi dala biliyan 30. A wajen akanta magana ta ƙare, riba ta rinjayi asara nesa ba kusa ba. Ga wanda ya yi imani cewa za a tambaye shi game da dabbar da ke hannunsa kuwa, da sauran magana.

Aikin zana taswirar ƙwayoyin gado, wanda ya tona aibin Chief, shi ne gano inda kowane hali yake zaune a jikin DNA. A 2002 masana a Jami'ar Liège ta Beljiyam da abokan aikinsu suka nuna cewa ƙwayar DGAT1 tana da babban tasiri kan yawan mai a madara. A 2009 aka wallafa cikakkiyar taswirar saniya, wadda aka karanto daga wata saniya irin Hereford mai suna Dominette, aka samu ƙwayoyi kimanin 22,000. A wannan shekarar ce Amurka ta fara auna darajar shanun madara a hukumance da gwajin gado. A da sai bijimi ya kai wajen shekara biyar, an tatsi 'ya'yansa, kafin a san ingancinsa. Yanzu gashin wutsiyar ɗan maraƙi ya isa.

Tambayar da ta fi saurin zuwa bakin Musulmi ita ce ko wannan canza halittar Allah ne. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta kawo alwashin Shaiɗan na sa mutane tsaga kunnuwan dabbobi da sauya halitta, kuma masu tafsiri sun danganta tsaga kunnen da al'adar keɓe dabbobi ga gumaka. Karanta abin da Allah ya riga ya ajiye a jikin saniya, a zaɓi wadda za a haɗa da wane bijimi, bai shiga wannan babi ba. Makiyayin da ya san uwar bijiminsa da kakarsa, ya bar shi a garke ya dandaƙe sauran, shi ma zaɓen iri yake yi da ido da hadda. Hadisin barbarar dabino da ke Sahihu Muslim ya bar dabarun sana'a a hannun masu ita. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta haramta kwafar halittar ɗan Adam, ta kuma halatta amfani da wannan ilimi a tsirrai da dabbobi matuƙar zai jawo amfani ya kare ɓarna.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai nauyi, kuma shanun Belgian Blue sun nuna dalili. Tsokarsu ta yi curi-curi saboda lalacewar ƙwayar da ke taka wa girman tsoka burki, abin da aka gano a 1997. Babu wanda ya taɓa ƙwayar a ɗakin gwaji, zaɓen iri ne kawai shekara da shekaru saboda kasuwar nama. Sakamakon shi ne mafi yawan tsantsar irin ba sa haihuwa sai an yi musu tiyata. A ɗaya gefen, a 2015 wani kamfanin Amurka, Recombinetics, ya gyara ƙwayar gado ya samar da maruƙa marasa ƙaho, abin da zai hutar da su daga azabar ƙona tushen ƙaho. A 2019 hukumar FDA ta gano guntun DNA na bakteriya ya maƙale a jikin ɗayansu ba da sanin kamfanin ba. Hanyar gargajiya ta haifar da wahala, sabuwar hanya ta nufi sauƙi amma ta yi sakaci. Ashe sunan hanyar ba ya faɗa wa mai fatawa ko dabbar ta cutu.

Inda hukunci yake ɓoye shi ne ma'aunin da ake jera bijimai da shi. Taswira ba ta zaɓar komai, mutane ne ke zama su yanke maki nawa za a ba madara, nawa za a ba lafiyar hantsa, nawa za a ba ƙafafu. Shekaru da dama madara da mai da furotin kaɗai ake ƙirgawa, sai ɗaukar cikin shanun Holstein ya yi ta raguwa. A 1994 Amurka ta shigar da tsawon rayuwar saniya da lafiyar hantsa cikin ma'aunin, a 2003 ta ƙara saurin ɗaukar ciki, kuma daga baya haihuwar ta fara farfaɗowa. Sai dai an gyara ne saboda rashin haihuwa ya fara taɓa aljihu. Ciwon da ba ya rage riba har yanzu da wuya ya sami gurbi. Shari'a kuwa tana lissafa shi. Abu Dawuda ya ruwaito labarin raƙumin da ya zubar da hawaye da ganin Annabi (SAW), aka kira mai shi aka yi masa faɗa kan yunwa da yawan aiki, alhali ba a ce raƙumin ya kasa aikin ba.

Akwai kuma amanar bambancin iri. Masu bincike a Jami'ar Jihar Pennsylvania sun gano cewa kusan duk bijiman Holstein da ake sayar da maniyyinsu a Amurka, ta wajen uba, zuri'ar bijimai biyu ne: Chief da Round Oak Rag Apple Elevation. Wannan ya shafi Afirka kai tsaye, inda ake haɗa Bunaji da Friesian, dangin Holstein, don ƙarin nono, kamar yadda cibiyar NAPRI ta Shika ta daɗe tana yi. Bunaji da Bokoloji da Azawak suna jure zafi da doguwar tafiya da ƙarancin ciyawar rani, N'Dama da Muturu suna rayuwa a dajin ƙudan tsando inda sammore ke kayar da wasu. Garken da aka narkar cikin jinin waje ba a sake ƙera shi.

Ilimin da ya hanzarta ƙuntata iri shi ne kuma yake iya nuna abin da za a rasa. Gwajin gashin wutsiya yanzu yana hana haɗa masu ɗauke da aibin Chief. A 2003 masana a cibiyar ILRI ta Nairobi suka wallafa taswirar juriyar sammore bayan sun haɗa N'Dama da Boran na Kenya. Yawancin gurabun juriyar daga N'Dama suka zo, kamar yadda aka zata, amma wasu sun fito ne daga Boran, irin da aka ɗauko cikin gwajin a matsayin wanda ba ya jure cutar.