Sayen gaban layi: Kuɗin ka, idon ka, da mutumin da ke bayan ka

MAI karatu, in ka na cikin masu kallon finafinan Amurka, ba mamaki ka tuna da 'Minority Report', wanda Steven Spielberg ya ba da umarni, ya fito a 2002. Labarin ya na faruwa ne a birnin Washington a shekarar 2054, zamanin da ba a tambayar mutum katin shaida. Duk inda ka gifta, a tashar jirgi ko a kanti, wata na'ura ce za ta haska ƙwayar idon ka ta gane ko kai wane ne. Hatta allon talla da sunan ka ya ke kiran ka. Da jarumin fim ɗin, Tom Cruise, ya shiga gudun hukuma, bai ga wata mafita ba illa ya je wurin wani likitan bayan fage a cire masa idanu a dasa masa na wani.

Lokacin da mu ka kalli fim ɗin mun ɗauka gargaɗi ne kan ranar da za a tilasta wa mutum ya ba da idon sa. Ashe ba sai an tilasta ba. Shekara uku kacal bayan fitar fim ɗin, wato a 2005, mutane su ka fara zuwa da ƙafar su a filin jirgin saman Orlando da ke Jihar Florida su na miƙa idanun su da yatsun su ga wani kamfani, har da biyan kuɗi a kai. Me su ke saye? Gaban layi.

Bari in ɗan koma baya don ka gane. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, gwamnatin Amurka ta kafa hukumar tsaron sufuri mai suna TSA, ta ɗora mata binciken duk wanda zai hau jirgi. A Disambar shekarar wani Bature ɗan Ingila, Richard Reid, ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a takalmi. A 2006 aka wajabta wa kowa tuɓe takalmi, dokar da ba a janye ba sai a Yulin 2025. A 2006 ɗin dai aka taƙaita ruwa da turare da man shafawar da mutum zai riƙe a hannu zuwa 'yar kwalba mai cin mililita 100. Kowace sabuwar doka sai ta ƙara wa layi tsawo. Kuma ka san halin ɗan kasuwa: inda jama'a su ka ga wahala, shi ciniki ya ke hangowa.

Haka wani ɗan jarida kuma ɗan kasuwa, Steven Brill, ya fito da tsarin da a ke kira Clear. Yadda abin ya ke shi ne, binciken filin jirgi hawa biyu ne. Da farko za ka bi layi har ka kai gaban jami'in da zai duba katin shaidar ka da katin shiga jirgi. Daga nan sai ka ɗora jaka a na'ura, kai ma ka bi ta ƙofar bincike. Wanda ya yi rajista da Clear ba ya bin layin farko. Zai tsaya gaban na'urar kamfanin ta duba idon sa, ko yatsun sa, ko fuskar sa, sai ma'aikacin su ya rako shi ya wuce jama'a, ko kuma wata ƙofa ta musamman ta buɗe masa. Amma hawa na biyu ba makawa, shi ma sai an bincike shi kamar kowa. Kuɗin shekara ya kai dala 189 a 2022, ya koma 199 a 2024, sannan 209 a 2025.

To, ya cancanci kuɗin? Yawancin masu wannan tambaya da alƙalami su ke amsa ta, kuma lissafin ba wuya. Mai tashi sau huɗu a shekara, kowace wucewa ta ci masa sama da dala 50. Mai tashi sau arba'in kuwa, dala biyar da 'yan kai ne. Ga irin mutumin da George Clooney ya fito a matsayin sa a fim ɗin 'Up in the Air' na 2009, wanda rayuwar sa kaf a tsakanin filayen jirgi ta ke, wannan ai araha ce. Ga wanda ba ya tafiya sai bikin iyali, asara ce. Har ila yau ba kowane filin jirgi ne ke da na'urar ba, kuma a manyan filaye irin na Atlanta an sha ganin layin masu biya ya yi tsawo, domin wasu katunan banki da kamfanonin jirgi su na biya wa abokan cinikin su ko su yi masu ragi. Ka ga ke nan sauri ya haifi nawa. In kowa ya sayi gaba, wa zai tsaya a baya?

In da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauko alƙalami ba. Amma ni a gani na wannan lissafi ya bar mutum biyu a waje: mutumin da ke bayan ka, da kuma kai kan ka nan da shekara ashirin.

Mu fara da na bayan ka. Tambayi kan ka, mintunan nan da ka saya, daga ina su ka fito? Na'urar binciken jaka ɗaya ce, jami'an su ne dai waɗannan. Kamfanin bai ƙara wa na'urar gudu ba. In aka ɗauko ka aka ajiye a gaban mutum talatin, kowane ɗaya a cikin su ya ja baya da taku ɗaya. Wato lokacin da ka samu ba ƙirƙirar sa aka yi ba, tsakuro shi aka yi daga wurin su, kaɗan-kaɗan yadda ba wanda zai ji zafin da zai sa ya yi magana. Kai ka biya, kamfani ya karɓa, filin jirgin ma ya na da kason sa a cikin kuɗin. Wanda aka ɗauki lokacin sa kuwa, matar nan mai goyo da dattijon nan mai sanda, ba wanda ya shawarce su, ba wanda ya ba su ko sisi.

Kwatanta wannan da wani tsarin na gwamnati mai suna PreCheck, wanda TSA ta fara a 2011. Shi ma a na biya, dala 78 na shekara biyar a farashin 2022, kuma shi ma a na ɗaukar zanen yatsu. Bambancin shi ne, a na bin diddigin tarihin mutum, in an ga ba shi da matsala sai a sassauta binciken da a ke yi masa, ba sai ya fito da kwamfuta daga jaka ba, ba sai ya cire bel ba. Aikin ne ya ragu, don haka layin sa ya ke gudu. Ba na cewa wannan tsari ba shi da aibi, domin shi ma mai kuɗi ya fi samun sa. Sai dai akwai tazara tsakanin wanda ya rage aiki da wanda ya canza wa mutane wurin tsayuwa kawai.

Na san abin da za ka ce: "Malam, ai duniya haka ta ke. Mai tikitin babban aji ya na da faffaɗar kujera, ya na riga kowa shiga jirgi, ba wanda ya ce uffan." Gaskiya ne. Amma kujera kayan kamfanin jirgi ce, ya na da ikon sayar da ita yadda ya so. Binciken tsaro kuwa ba haja ba ce. Wajibi ne da hukuma ta ɗora wa kowa saboda tsaron kowa, kuma kowane fasinja ya riga ya biya harajin tsaro a cikin kuɗin tikitin sa. Nauyin da aka ɗora wa jama'a baki ɗaya, adalci shi ne su ɗauke shi baki ɗaya. Wani malamin falsafa na Jami'ar Harvard, Michael Sandel, ya tattauna wannan batu na tsallake layi a littafin sa 'What Money Can't Buy' na 2012, inda ya nuna yadda ƙa'idar kasuwa ke cinye ƙa'idar layi a wuraren da a da ba a san ta ba. A 2024 ma wani sanata a majalisar Jihar Kalifoniya, Josh Newman, ya gabatar da ƙudurin da zai hana irin wannan kamfani cusa mutanen sa a layin jama'a, sai dai ya samar masu da nasu wurin binciken daban. Ƙudurin bai zama doka ba, amma ya nuna cewa a can ma abin ya na ci wa wasu rai.

Layi, duk da wahalar sa, ya na da wata daraja da ba mu cika lura da ita ba. Shi kaɗai ne wurin da ba a tambayar ɗan wane ne kai, sai dai yaushe ka zo. Kai da ka taɓa kwana a layin mai, ka san abin da zuciyar ka ta yi lokacin da wata doguwar mota ta bi ta ƙofar fita aka cika mata tanki a gaban idon ka. Ba minti biyar ɗin da ka rasa ne ya ƙona maka rai ba. Abin da ya ƙona maka rai shi ne an gaya maka, ba tare da an buɗe baki ba, cewa lokacin wani ya fi naka tsada. Bambancin kawai, na Amurka ya na da rasit da ma'aikaci mai murmushi.

Akwai kuma wata illa da ta fi wannan zurfi. Su wa ke da bakin da in sun yi kuka hukuma za ta ji? Manyan 'yan kasuwa, lauyoyi, 'yan majalisa, wato ainihin masu sayen gaban layi. Ranar da su ka fice daga layin, layin ya rasa masu yi masa magana. Sannan ka lura, wannan ciniki ba ya rayuwa sai layin talaka ya na da tsawo. In da za a wayi gari kowa ya na wucewa cikin minti uku, wa zai biya dala 209? Ban ce wani ya na jan layi da gangan ba. Na dai ce an gina kasuwa a kan ciwo, kuma wanda ke ci daga ciwo ba shi a ke aika neman magani ba.

Sai mutum na biyu, wato kai nan gaba. Kuɗi ba su ne kaɗai abin da ka biya ba, ka haɗa da jikin ka. In aka sace lambar sirrin katin bankin ka, gobe za ka canza wata. In aka sace zanen yatsan ka fa? Guda goma Allah ya ba ka, ba ƙari. Kuma ba tatsuniya ba ce. A 2008 wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta kamfanin farko mai tafiyar da Clear, ɗauke da bayanan mutum kusan 33,000 da su ka nemi rajista, ta yi ɓatan dabo a filin jirgin San Francisco, sai bayan kwanaki aka gan ta. A Yunin 2009 kamfanin ya durƙushe, ya rufe ba zato ba tsammani, mambobi su ka shiga tambayar ina makomar idanu da yatsun da su ka bayar. A 2010 Caryn Seidman-Becker da Ken Cornick su ka sayi abin da ya rage su ka farfaɗo da shi, har ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021. Ka ga darasin: kamfani ya na mutuwa, ya na canza hannu, amma idon ka ya na nan yadda ya ke. Alƙawarin da mai shi na yau ya yi maka, ba ka san wanda zai gaje shi ba. Kar kuma ka ce hannun gwamnati ya fi tsaro, domin a 2015 ɓarayin intanet sun kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin da ke kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka.

Za ka iya cewa ai mu ma mun dangwala yatsa a banki, mun dangwala a wurin katin ɗan ƙasa da fasfo. Haka ne. Amma waɗannan dole ce ta sa, kuma abin da dole ta karɓa daban ya ke da abin da mutum ya kai da hannun sa don ya rage tsayuwar kwata. Tsalle ɗaya a ke yi a faɗa rijiya.

To ina mu ka kwana? Ba zan ce wanda ya yi rajistar nan mugu ba ne. Likitan da ke tashi kowane mako zuwa wani gari don yin tiyata, ko mai ciwon baya da tsayuwa ke wahalar da shi, ba ni da bakin zargin su. Mutum ɗaya da ya ƙi saye ba zai gajarta layin kowa ba, kuma laifin tsari ba a ɗora shi kacokan a kan wanda ya tarar da shi. Abin da na ke ƙi shi ne mutum ya yi lissafin dala da minti, ya rufe littafi, ya ce ya gama. In za ka saya, saya ido buɗe: ka san cewa mintunan ka na wani ne, ka san cewa ka ba da abin da ba ya karɓuwa, kuma kar ficewar ka daga layi ta sa ka daina jin haushin tsawon sa. Ni dai in ka tambaye ni, ga mai tafiya jefi-jefi amsar a fili ta ke: ya riƙe kuɗin sa, ya riƙe idon sa, ya sammako.

Ƙila ka ce wannan matsalar Amurkawa ce, me ya shafe ka? Mai karatu, wayar salula ma da labarin ta mu ka fara ji kafin ta zo aljihun mu. Ranar da wani zai tsaya gaban ka da na'ura, a asibiti ko a ofishin gwamnati, ya ce ka biya ka kalli nan ka wuce, kafin ka sa hannu a aljihu, daure ka waiwaya ka dubi fuskar wanda ke bayan ka. In ka iya haɗa ido da shi, to bismilla.