Nasiha ga Mai Tsintar Kwanson Harsashi

Ɗana, da kai nake, kai da ke zaune a Tsafe ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da ita, waya a hannu, kana kallon wani Ba'amurke zaune gaban tebur yana mayar da tsofaffin kwanson harsashi sababbi. Ya ja hannun wata 'yar na'ura, harsashi ya faɗo cikin kwano. Ya sake ja, wani ya faɗo. Sai zuciya ta raya maka cewa ai wannan ba wani aiki ba ne. Kwanso ga shi nan a gonaki da bakin hanya bayan kowane hari, har yara suna tsinta. Maƙeri kuma yana nan a unguwa. Ka ba ni aron hankalinka kafin ka durƙusa ka ɗauki na farko.

Ban raina abin da ya kai ka ga wannan tunani ba. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau a shekarun nan ya san yadda hira ke mutuwa a cikin mota idan aka tunkari wasu wurare. Akwai garuruwan da sai an biya ɓarayin daji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a kai amfani gida. Namijin da aka ɗauke masa mata ko ƙane, ya sayar da shanun huɗa ya biya fansa, ba ya bukatar wani ya koya masa zafin abin. Hukuma ma ta taɓa rikita mutane a kan wannan batu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kai. Ba a je ko'ina ba 'yan sanda suka ce dakatarwar da aka yi wa bayar da lasisi tana nan, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Talaka ya rasa na kamawa. Duk na sani. Amma gudun gara ba ya sa a faɗa gidan zago, kuma cika harsashi a ɗaki gidan zago ne.

Mutumin nan da kake kallo, akwai abin da hoton bai nuna maka ba. A ƙasarsa doka ta yarje masa, kuma duk abin da ke kan teburinsa daga masana'anta ya fito da suna da lamba. Kamfanoni irin su Lee da RCBS da Hornady ne suka ƙera masa na'urorin. Yana da sikeli mai gane abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba. Yana da littafi mai kauri wanda aka rubuta bayan gwaje-gwaje a ɗakin bincike, ba ya ƙetare abin da ke ciki ko da ƙwayar zarra. Tun 1926 suna da ƙungiya mai suna SAAMI wadda ke ƙayyade iyakar ƙarfin da kowane irin harsashi zai iya yi a cikin bindiga. Da duk wannan tanadi, har yau bindigogi suna fashewa a hannunsu, shi ya sa kamfani kamar Glock ke gargaɗin masu sayen bindigarsa da kada su sa mata harsashin da aka sake cikawa.

Ka san me ke faruwa a cikin ƙaramar bindiga idan aka ja kunama? Harsashin nan da ake kira mai milimita 9, matsin da yake yi a cikin ƙarfe yana iya kaiwa 35,000 a ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya da shi. Tayar ƙaramar mota kuwa 30 da 'yan kai ake ba ta. Wato ninki dubu na abin da ke cikin taya, kuma a tafin hannunka, taƙi ɗaya ko biyu daga idonka. Garin harsashin da ke haifar da wannan ƙarfi ɗan mitsitsi ne, kwanson ma bai cika da shi ba. Idan hankalin mai zubawa ya ɗauku, yaro ya yi kuka ko wani ya yi sallama, ya zuba sau biyu, ido ba zai gane ba. Ranar da aka harba wannan harsashi, yatsu ne ke tafiya. Idan kuma ya zuba ƙasa da kima, ƙwayar harsashin sai ta maƙale a tsakiyar bututu. Cikin ruɗanin dare da ƙarar harbi babu mai lura, sai a sake jan kunama a kan bututun da ya toshe.

Shi kansa kwanson da kake tsinta ba abin amincewa ba ne. Ya sha rana, ya sha raɓa, shanu sun taka shi, wataƙila ya yi tsaga siririya wadda ba ta ganuwa. Da yawa daga cikin na AK-47 ma na baƙin ƙarfe ne, waɗanda masu wannan sana'a a can suke zubarwa saboda ba a yi su don a sake cikawa ba.

Za ka ce mini ai kakanninmu maharba da kansu suke ɗura bindiga, ba su san sikeli ba. Gaskiya ne, kuma ina girmama su. Amma albarushin harbi-ka-ruga daban, garin harsashin zamani daban. Na zamanin nan, wanda ba ya hayaƙi sosai, wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fito da shi a 1884, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi. Bindigar da maƙeri ya haɗa daga bututun da ba a yi shi don wuta ba ba za ta iya riƙe shi ba. Saurayin da ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa cikin bindigar gida don ta ƙara nisa, ya ɗora wa kafaɗarsa abin da zai tarwatse a gefen fuskarsa. Tsoffin maharban ma da kake kafa hujja da su, ka tambayi dattawa yadda suke tsoron albarushi. Nesa da murhu suke rataye shi, ba sa barin yaro ya matso, kuma duk da haka ba wuya ka ji labarin maharbi mai dungulmi ko mai ido ɗaya.

Yanzu bari in zo inda ya fi tsaya mini a rai, wato darma. Wanda ya fara cika harsashi ba ya daɗewa zai fara neman abin da zai narka ya yi ƙwaya, kuma mafi kusa shi ne tsohon batirin mota. Ga yadda abin ke kasancewa. Maigida ya hura gawayi a lungun tsakar gida, ya ɗora tsohon gwangwani, darma ta narke tana sheƙi, wata toka-toka ta taso a samanta, ya kwashe da cokali ya yarfar a ƙasa. Ya gama ya kakkaɓe hannu a jikin riga. Da safe uwargida ta zo da tsintsiya ta tayar da ƙurar, ta bi iska ta sauka a kan tabarma da garin tuwon da aka shanya da randar ruwa. Jaririn da ke rarrafe ya dafa wurin ya kai hannu baki. Babu ƙara, babu jini, babu wanda ya ga komai.

Mu mutanen Zamfara bai kamata a tsaya yi mana bayanin darma ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma abin ya kai can. Iyaye suna ɗauko dutsen zinariya su daka su niƙa a cikin gida, ba su san yana ɗauke da gubar darma ba. Yara suka riƙa suma da jijjiga, ana cewa iska ce ko zazzaɓi mai zafi. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe aka zuba sabuwa, aikin Bagega ma bai samu ba sai 2013. Waɗancan iyaye abinci suke nema wa 'ya'yansu, kamar yadda kai ma tsaro kake nema wa naka, kuma su suna da uzurin rashin sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin darma a jinin yaro da za a kira marar illa. Wanda bai mutu ba takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya tashi karatu ba ya zama, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi, alhali abin daga gwangwanin ubansa ya samo asali. Mace mai ciki kuma tana miƙa wa abin da ke cikinta.

Ta fuskar doka maganar gajeriya ce. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta sa ƙananan bindigogi irin su fistol da libarba cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar ɗuri ma sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda. Ƙera harsashi ko haɗa shi kuwa an keɓe shi ga wuraren da gwamnati ta amince, irin masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, kuma hukuncin wanda ya saɓa ya fara ne daga shekara 10 a gidan yari. Ka kuma tuna a wane yanki kake. Jami'in da ya shigo ɗakinka ya tarar da tulin kwanso da gari da darma ba zai ɗauke ka mai kare gida ba, zai ɗauke ka mai kai wa daji kaya. Kafin gaskiya ta fito, idan ta fito, an riga an yi maka tambarin da zai bi 'ya'yanka har wurin neman aure.

Kuma zargin nasa ba a banza yake ba, don harsashi ba ya zama inda aka yi shi. Yau ka ba aboki guda biyar, gobe abokin abokinsa ya zo da kuɗi, jibi ka zama wanda aka sani da sana'ar. Mutanen daji suna da 'yan leƙen asiri a cikin gari, ba ka fi kowa sanin haka ba? Ranar da labarinka ya kai musu, ko dai su aiko a saya, ko su zo su ɗauke ka ka riƙa yi musu. Babu ɗaya cikin biyun da za ka iya ƙi. Wata rana a tare mota a hanyar Gusau, a ɗauko gawar wani bawan Allah, ba ka da tabbacin ba abin da ya fito daga hannunka ne ke jikinsa ba. Ka auna wannan da tsayuwar gobe kiyama.

Idan jininka na tafasa kana son ka tsaya wa garinku, akwai ƙofar da ba ta ɓoye ba. A ƙarshen Janairu na 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta yaye rukunin farko na Askarawan Zamfara a Gusau, sama da mutum 2,600, an horar da su, an san sunan kowa da wanda zai amsa tambaya idan ya yi ba daidai ba. Ba na ce maka ba su da aibu, ko sun wadatar. Amma mun ga abin da ya biyo baya lokacin da 'yan sa-kai suka riƙa yanke hukunci da hannunsu a kasuwanni, da irin ramuwar da ta faɗa kan garuruwan da ba su ji ba ba su gani ba. Makami a ƙarƙashin shugaba da rajista ya fi makami a ƙarƙashin katifa. Wanda ba zai iya shiga ba, yana da ido da kunne, ya san baƙuwar fuska, ya san mai sayen burodi da man fetur fiye da bukatar gidansa. Ya kai labari ga mai unguwa ko hakimi ko jami'in da ya amince da shi.

Kwanson da ka riga ka tara, kada ka bar yara su yi wasa da shi, ka nemi mai unguwa ya raka ka a miƙa wa hukuma. Harsashin da bai tashi ba, kada ka buga shi da dutse, kada ka jefa shi a wuta. Idan kuma an taɓa narka darma a gidanka, ko sau ɗaya ne, ka hana yara zama a wurin, a daina share shi a bushe, sannan ka ɗauki ƙananan da mai ciki ku je asibiti, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da aka narka da inda aka narka shi. Kada ka jira sai yaro ya fara jijjiga.