Buƙata Daban, Bauta Daban



Makon da ya wuce, bayan sallar La'asar, an yi wata muhawara a ƙofar masallaci wadda har yanzu ba ta bar zukatanmu ba. Wani yaro ɗan dako, wanda da yawanmu ya sha sauke mana buhuna, ya faɗi yana jijjiga a bakin kasuwa. Da aka kai shi asibiti aka gane tiramadol ne. Wani dattijo cikinmu, saboda ɓacin rai, ya ce shi daga yau ya bar duk wata ƙwaya, har ta hawan jinin da yake sha, wayar ma zai ajiye, a koma yadda kakanni suka rayu. Wasu suka ce ya yi daidai, wasu suka ce ya wuce gona da iri. To mu tsaya mu duba: mene ne ainihin 'yancin mutum daga waɗannan abubuwa?

Da farko, kada mu raina fushin Baba. A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya nuna yadda ake kwankwaɗarsa kamar lemo. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, wanda ya fito a 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Wannan fa ba labarin Legas ko Kano kaɗai ba ne. Duk mai shiga kasuwar IBB ko tashar Madalla da sassafe ya san abin da muke faɗa.

Amma shin 'yanci shi ne mutum ya daina buƙatar komai? Ai babu wannan mutumin. Wadatuwa ta Allah ce Shi kaɗai. Mu da muka baro Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya muka zo nan, muna buƙatar direba, muna buƙatar mai awo, muna buƙatar manomin Gwari da ke kawo doya. Garin nan ma da ya karɓe mu, wanda Abu Ja ya kafa a 1828, ya riƙe kansa har zuwan Turawa a 1902, amma ko a wancan lokaci da noma da fatauci yake rayuwa. Cin gashin kai bai taɓa nufin rashin buƙata ba. Abin da yake nufi shi ne a san wa ke riƙe da linzami.

Mun ga alamomi uku da za a iya gwada kowane abu da su.

Ta farko, shin adadin yana ƙaruwa? Mai hawan jini yana iya shekaru a kan ƙwaya ɗaya kullum, likita na dubawa. Mai tiramadol kuwa da ɗaya yake farawa, jiki ya saba, ta daina kama shi, ya koma biyu, ya koma huɗu. Wadda NAFDAC ta amince da ita mai ƙarfin 50 ce da 100, amma wadda ake sayarwa a ɓoye tana kai 225.

Ta biyu, za ka iya shan ta a gaban mahaifinka? Maganin suga a kan tabarma ake ajiye shi, jika ma ya miƙo ruwa. Abin da sai an shiga bayan shago, ko an juye shi a gorar lemo, shi da kansa ya ba da shaida a kan kansa.

Ta uku, yana mayar da kai ga haƙƙin da ke kanka ne, ko yana ɗauke ka daga gare shi? Magani na gaskiya yana tashin mutum ya yi sallah, ya nemi na cefane. Ɗayan kuwa yana cinye kuɗin cefanen, ya bar mutum yana barci har rana ta take. Malamanmu sun karantar da mu cewa kare hankali da kare rai duk suna cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare. Saboda haka wanda ya jefar da maganin hawan jininsa ya saka rai a haɗari, kamar yadda mai ƙwaya ya saka hankali. Mun ga darasi a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano: cutar ta yaɗu, yara suka nakasa, sai a 2020 aka tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Wayar ma a ɗora ta a kan ma'aunin nan. Da ita muke jin farashin masara a Dawanau kafin mu ɗora kaya, da ita muke gaida tsofaffi a gida. Amma ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Tsabar kuɗi ta ɓace, tiransifa ta ƙi tafiya, layi ya cika wajen masu POS. Su wa suka ci gaba da ciniki? Waɗanda ke da littafin bashi da kwastomomin da aka san juna da su shekara da shekaru. Amana ba ta jiran sabis. Wanda kuma ba ya iya jin huɗuba minti ashirin sai ya laluba aljihu, ko yake caca a waya da uwar kuɗin shago, to wallahi wayar ce ta mallake shi.

Yanzu ga inda maganar ta dawo kanmu. Yaron nan bai sha ƙwaya don jin daɗi ba, ya sha ne don ya iya sauke tirela kafin azahar. Wa ya sa masa wannan wa'adin? Wa ke biyansa buhu-buhu, yana ganin idonsa ya kaɗa, ya kau da kai don aiki na sauri? Mu ne. Ba ma sayar da ƙwaya, amma muna cin ribar ƙarfin da take bayarwa. Ba daidai ba ne mu tsine masa ranar Juma'a, ranar Asabar kuma mu neme shi don ya fi kowa zafin nama.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Maigida ya ƙara hannu a wajen lodi, ya bar yara su ci abinci su huta. Uba kada ya kori ɗansa, domin titi ba ya gyara kowa. Kada kuma a ɗaure shi a ce ya daina dare ɗaya, don wanda jikinsa ya saba yana shiga mawuyacin hali. A kai shi asibiti a rage masa a hankali. Iyaye mata su duba abin da ke yawo a gidajen biki. Kowane gida kuma ya gwada ajiye waya daga Magariba zuwa Isha'i, a ga wa zai iya.

Baba kuma, don Allah, a ci gaba da shan maganin. Muna buƙatarka a sahun gaba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.

Sakataren Masallaci