Mudun ido: jadawalin kallo da amanar lokaci

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Na daɗe ina koya wa ƴan makaranta wannan karin magana ba tare da na yi shakkarta ba, sai ran da na zauna shirya jadawalin kallon talabijin a kan ordinatar ɗina ta hannu, wadda wasu ke kira kwamfutar tafi-da-gidanka. Daga ranar na fara tambayar kaina: shin da gaske ido ya san ƙima idan aka bar shi da abin kallo marar iyaka?

Aikin kansa ba wani mai wuya ba ne. Ana soka wa ordinatar wata ƴar na'ura mai kamar kile USB, a haɗa mata ƙaramar eriya, a sa ta laluben tashoshi. Ko kuwa a kama su ta intanet. Jadawalin shirye-shirye kuma yana zuwa ta hanya biyu: ko tasha ta aiko shi tare da hotonta, da sunan shiri da lokacin farawa da tsawonsa, ko mutum ya sauko da shi daga intanet, ya bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya yana haɗa kowace da layinta. Sai daidaita agogo. Nijar tana gaban agogon GMT da awa 1 duk shekara, alhali Faransa tana ƙara awa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Wanda ya yi sake da wannan, sai ya zo kallon labarai ya tarar an riga an yi sallama.

Da na gama, sai ga kwana 7 shimfiɗe a gabana kamar gonar da aka yi wa kuyya: tashoshi a jere daga sama zuwa ƙasa, awoyi daga hagu zuwa dama, babu gurbin da ba a shuka wani abu ba. Na yi murna. Cikin mako biyu kuwa, takardun ɗalibaina na aji uku suka taru ba a gyara ba, kuma wata rana na ɗaga kai na ga ƙaramin ɗana tsaye bakin ƙofa, ya yi sallama sau biyu ban ji ba, domin kunnuwana a toshe suke da abin saurare.

Ya kai mai karatu, ka tuna yadda kallo ya zo mana. Talabijin ta shigo ƙasar nan a 1964 ta ƙofar makaranta, a matsayin malama, kafin Tele Sahel ta soma watsa shirye-shirye ga jama'a a 1979. Mu da muka tashi bayan haka, a tsakar gidan maƙwabci muka san ta. Akwati ɗaya, tabarmi uku, unguwa guda. Idan Yazi Dogo ya fito da wasansa na kwaikwayo, dariya ɗaya ake yi daga tsoho har yaro. Idan lokacin kokowar takobi ya yi, wadda aka fara a Tawa a 1975, kashegari babu wata hira a kasuwa sai ta wanda ya kayar da wanda ya faɗi. Tasha na buɗewa da lokaci, tana rufewa da lokaci, kuma rufewar nan ita ce mudunmu: ko kana so ko ba ka so, za a naɗe tabarma.

Wani zai ce, malam, kewar ƙuruciya ce ke magana a bakinka. Yana da gaskiyarsa. Tasha ɗaya murya ɗaya ce, kuma muryar ta mai mulki ce. Abin da ya ga dama shi muke gani. Yau malamin faransanci da ke Dakwaro ko Matamai yana iya nuna wa ajinsa wasan Moliyar a kan fage, ya kwatanta yadda tashoshi uku suka ba da labari ɗaya. Wannan ƴanci ne, kuma ba na fatan a mayar da mu baya. Abin da nake cewa shi ne, mudun da aka riƙe mana a da, yanzu an miƙo mana shi a hannu, mu kuwa muka ɗauka an fasa shi ne.

A nan ne jadawali ya zama batun ɗa'a. Yana da fuska biyu. Mai tasha ya rubuta shi domin ya riƙe ka: kafin wannan shiri ya ƙare an nuna maka na bayansa, kuma lokacinka ne yake sayar wa masu talla. Amma kai mai kallo kana iya karanta shi domin ka yanke hukunci tun da rana, hankalinka na kwance, a kan abin da ya cancanci darenka. Mutumin ƙarfe 4 na yamma da mutumin ƙarfe 11 na dare ba su da ƙarfin zuciya ɗaya. Wanda ya zaɓi shirinsa tun kafin gajiya ta kama shi, ya ɗaukar wa kansa alkawari ne, kuma cika alkawarin da babu mai shaidarsa sai kai shi ne gwajin mutunci mafi wuya.

Bugu da ƙari, lokacin da muke cewa namu, ba namu kaɗai ba ne. Daren malami yana da masu haƙƙi a ciki: ɗalibin da ke jiran makinsa, iyalin da ke jiran hira, maƙwabcin da ba shi da lafiya. Allon ordinatar an ƙera shi ne daidai fuskar mutum ɗaya, yana kan cinya, bayansa na kallon jama'a. Akwatin da yana tara mutane ko ba a yi niyya ba. Wannan sai an yi niyya.

Saboda haka na sake shiri. Na share yawancin tashoshin, na bar 6. Kowace Lahadi da la'asar mukan zauna da yara mu duba mako, kowa ya kawo shiri ɗaya ya faɗi dalilinsa, a yi gardama, a sa alama. Idan lokaci ya yi, a ɗora ordinatar kan turmi a tsakar gida, allo na fuskantar tabarma. Shiri na ƙarewa, ƙaramin nan da ya taɓa tsayawa bakin ƙofa shi ke da aikin rufe murfin. Ba kullum nake cikawa ba. Akwai daren ƙwallo da na roƙe shi ƙarin minti 10, ya hana ni.

Ina kira ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin al'adu da mu ɗauki wannan a matsayin darasi. Mu kawo jadawalin mako cikin aji, mu sa ɗalibi ya zaɓi shiri uku ya kare zaɓinsa a rubuce, da Hausa ko da faransanci, sannan ya faɗi ƙarfe nawa zai rufe da kuma wanda zai kalla tare da shi. Ido yana iya sanin ƙima, amma sai an koya masa tun yana ƙarami. Allah ya sa mu dace.