Wuƙar Likita da Cikin Mutum: Tsokaci a Kan Tiyatar Rage Ƙiba

Gabatarwa

Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma Bahaushen nan dai shi ne yakan dubi wanda ya ajiye teɓa ya ce da shi, "Alhaji, an samu duniya." Amarya kuwa in ta yi wata uku a ɗakin miji ba ta murmure ba, sai dangi su fara tambayar ko lafiya. Ba mu kaɗai muke da wannan kallo ba, domin ƙabilar Efik ta Kalaba ta shahara da al'adar killace budurwa a yi ta ciyar da ita har ta yi ɓulɓul kafin aure. To sai dai zamani ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa. Manufar wannan muƙala ita ce mu yi nazarin tambaya guda: shin wanda ƙiba ta kai shi ga halaka, ya dace ya miƙa cikinsa ga likita a rage masa shi, ko kuwa yin haka gudun wahala ne da taɓa halittar Ubangiji?

Mece ce wannan tiyata?

Ya kamata mu fara sanin abin da muke magana a kai. Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka shi ne ya fara aikin karkatar da hanyar abinci a wajajen 1966, inda ake keɓe wani ɗan aljihu daga tumbin mutum, wanda a aikin yau bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Akwai kuma wani aikin da ya fi yawa a yanzu, wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siririn sashe mai siffar ayaba. Sashen da ake fitarwa shi ne mafi samar da sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, saboda haka bayan aikin ciki ya ƙanƙance, yunwar ma ta ragu.

Ba kowane mai jiki ake yi wa ba. Likitoci suna da awon da ke gwada nauyin mutum da tsawonsa. A 1991 wani taron masana a Amurka ya ƙayyade maki 40, ko 35 ga mai ciwon sukari da makamantansa. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da shi zuwa 35, ko 30 ga mai irin waɗancan cututtuka. Alal misali, mutum mai tsawon mita 1.7 yakan kai maki 35 ne idan nauyinsa ya haura kilo 101.

Zargi na farko: gudun wahala

Masu suka sukan ce mai ƙiba shi ya jawo wa kansa da haɗama, don haka ya kame bakinsa ya motsa jiki. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin addini da al'ada duk sun yaba wa mai ƙanƙanta cinsa. Sai dai ta ginu ne a kan zaton cewa jiki bawa ne mai bin umarnin zuciya a kowane hali. Binciken likitoci ya nuna cewa idan mai matsananciyar ƙiba ya rage nauyi ta hanyar horon ci, jikinsa yakan ɗauka fari aka shiga, sai ya rage ƙona abinci ya ƙara kiran yunwa, har yawancin masu wannan ƙoƙari su koma inda suka fito cikin 'yan shekaru. Ga kuma gado, wanda babu wanda ya zaɓar wa kansa. Hatta alluran rage ƙiba irin su Wegovy, da aka amince da shi a Amurka a 2021, nauyi kan dawo idan aka daina su.

Hasali ma, wanda ya kira tiyatar nan hanya mai sauƙi bai san ta ba. Wanda aka yi wa zai yi makonni yana shan ruwa-ruwa kawai. Zai rayu yana shan ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, domin jikinsa ba ya tsotsar amfanin abinci kamar da. Ana iya samun yoyo a ɗinki, kuma ko da yake mutuwa a dalilin aikin ta yi ƙaranci a hannun ƙwararru, ba a kore ta ba. Wanda ya koma cin zaƙi da maiƙo kuwa, wani kaso na nauyin zai dawo masa. Ashe kamun kai da ake zarginsa da gudu, shi ne zai zama abokin zamansa har abada.

Zargi na biyu: canza halitta

Wannan ya fi na farko nauyi a wurin mai imani. Jiki amana ne, kuma an hana mu sauya halitta don son zuciya. Amma malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta kwalliya da magani. Sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, an yi masa izinin sanya hancin zinariya duk da haramcin zinariya ga maza, saboda lalura. Babu kuma mai cewa wanda aka cire wa ruɓaɓɓen haƙori ya yi wa Mahalicci gyara. Idan kuwa jiki amana ne, to barinsa ga ciwon sukari da hawan jini alhali akwai mafita shi ma tambaya ce da za a amsa. Wani dogon bincike da aka fara a Suwidin a 1987, a kan mutane sama da 4,000, ya nuna a 2020 cewa waɗanda aka yi wa aikin sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara uku. Ajali na Allah ne, amma riƙo da sababi umarninsa ne.

Abin da ake sayarwa

Duk da haka, akwai farashin da ba a rubuta shi a takardar asibiti. A wurinmu ci zumunci ne. Wanda ya zauna gaban akushi da 'yan'uwa ya yi loma uku ya janye hannu, sai a ce ya raina abincin gidan, ko yana fushi. Azumin watan Ramadan ma sai da shawarar likita, musamman a shekarar farko, tun da ba zai iya kwankwaɗar ruwa a lokaci guda ba. Ga tsada, wadda kan sa wasu tafiya ƙasashen waje neman rangwame, su dawo babu likitan da zai bi lafiyarsu. Irin wannan shi ne an sayar da biri an sayi kare. Haka nan macen da gorin kishiya ko na miji ya tura ta ɗakin tiyata, wuƙa za ta rage mata ciki, gorin kuwa sai ya sake wata kama.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin tiyatar rage ƙiba halastaccen magani ce ga wanda ya cika sharuɗɗa uku: ƙibarsa ta zama cuta bisa shaidar likita bayan sauran hanyoyi sun gaza, niyyarsa neman lafiya ce, kuma ya san abin da zai biyo baya yana da halin ɗaukarsa. Wanda ya auna duk wannan ya ƙi, shi ma bai yi laifi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Namu aikin, mu 'yan kallo, shi ne mu daina yi wa teɓa kirari, mu kuma daina yi wa mai ita dariya, domin da waɗannan halaye biyu muka taya shi shiga ramin da yake neman fita.