Ku Rubuta Inda Kuka Dosa, Ya Ku Mutanen Tsallaken Kogi

Jama'ar Kakuri da Makera, Nasarawa da Tirkaniya, Barnawa da Narayi, Sabon Tasha har zuwa Gonin Gora, Musulminku da Kiristanku, da ku nake. Abin da nake roƙonku ƙarami ne a ido: kowane baligi a cikinmu, namiji da mace, ya samu takarda guda ya rubuta da hannunsa inda yake son rayuwarsa ta kai, da aikin da zai riƙa yi kullum don ya isa can. Na san wani zai ce wannan ai bidi'ar 'yan boko ce. Ku saurare ni tukuna, domin tarihin unguwanninmu ne ya sa nake wannan magana.

Shekaru da dama, mutumin wannan yanki bai buƙaci tsara wa kansa komai ba, kamfani ne ke tsara masa. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, ƙarƙashin gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo baya, sai Arewa Textiles da Japanawa, sai UNTL da mutanen Hong Kong. Aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta soma aiki a 1980. Saurayi ya sauko daga jirgin ƙasa, ko daga Zangon Kataf ya fito ko daga Binuwai ko Katsina, ya bi layi a bakin ƙofar masaƙa, aka ɗauke shi. Daga ranar, jiniya ce ke gaya masa lokacin tashi da na kwanciya. Aikin safe, na rana, na dare, albashi a ƙarshen wata, ƙarin girma idan lokacinsa ya yi, sannan giratuti. Ya yi aure, ya kama haya, ya sayi keke, ya sa yara a makaranta, duk bisa lissafin da wani ya yi a ofis.

Kun san yadda abin ya ƙare. Wuta ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, injuna suka tsufa, gwamnati ta ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, 'yan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa da atamfar Sin mai arha. KTL ta rufe a 2002, Arewa ta bi sahu, UNTL ta tsaya a 2007. Dattawan da suka ba KTL ƙuruciyarsu sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, da yawa sun koma ga Allah ba su karɓa ba. Ba na zarginsu da komai. Sun yi aiki da gaskiya, tsarin da suka dogara da shi ne ya rushe a kansu.

Abin da ke damuna shi ne mu da muka biyo baya. Har yau muna tarbiyyar 'ya'yanmu kamar gobe jiniya za ta sake kira. Ka tambayi matashin da ya gama sakandare ko ma bautar ƙasa me yake so ya yi, sai ya ce maka, "Kowane aiki aka samu." Bana ya cike fom ɗin soja, baɗi na kwastan, a tsakani yana jiran wani kawu ya yi masa hanya. Shekara biyar ta wuce, bai ƙware a komai ba, saboda bai taɓa zaɓar abu guda ya tsaya a kansa ba. Kuma wanda bai zaɓa wa kansa ba, wasu za su zaɓa masa. Mun ga haka a rikicin 2000 da na 2002, lokacin da kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin maƙwabta, muna kuma gani duk kakar zaɓe idan 'yan siyasa suka zo neman 'yan banga. Matashin da ya san yana da shago da zai buɗe, da masu sayayya a ɓangarorin gada biyu, yana da wuyar haya.

Mu mutane ne masu rubuta abin da muka ɗauka da muhimmanci. Uwar adashi tana da littafi. Mai kanti yana rubuta bashin sukari da sabulu. Idan aure ya taso, a zauna a jera kayan lefe a takarda har da ɗankunne. To me ya sa shekara talatin ko arba'in na aikin mutum su ne kaɗai za a bari a ka? Abin da ke ka yana sauyawa da yunwa da zugar abokai. Wanda aka rubuta kuwa yana nan, zai dube ka baɗi ya tambaye ka ina aka kwana. Wani marubucin Amurka, Stephen Covey, ya yaɗa wannan ɗabi'a ta rubuta inda aka dosa a littafinsa na 1989, kamfanoni da makarantu kuma suna manna nasu rubutun a bango. Ba nasu nake so mu kwafo ba, da manyan kalmomin da ko mai su bai haddace ba.

Takardar ta ƙunshi abu biyu. Na sama shi ne inda ka dosa, a jimla ɗaya ko biyu, yadda mahaifiyarka za ta gane idan aka karanta mata. "Ina so in yi kuɗi" bai isa ba, domin mai cacar waya ma abin da yake so ke nan. Yaron da ke koyon walda zai iya cewa nan da shekara goma yana son shagon ƙera ƙofofi da tagogi a Kakuri, wanda magina za su san shi da cika alkawari, da yara biyar da yake koya wa sana'a. Yarinyar da ke aji shida za ta iya cewa tana son zama ungozoma mai takardar shaida, ta yi aiki a unguwar da mata ke haihuwa a gida don rashin mai duba su. Kun ga a duka biyun akwai sana'a, akwai wuri, akwai lokaci, akwai kuma mutanen da za su amfana ban da mai rubutun.

Na ƙasa shi ne ya fi wuya, domin shi ne na yau da gobe. Mai waldar ya rubuta cewa zai gama koyo wurin maigidansa ba zai gudu a tsakiya ba, zai ajiye ɗaya cikin goma na duk abin da ya samu, zai zauna jarrabawar gwajin sana'a ya karɓi takarda. Ya kuma rubuta abin da ba zai taɓa yi ba, ko da za a kwana da yunwa: ba zai karɓi kuɗin ƙarfe ya kashe waya ba, ba zai sa siririn ƙarfe ya caji kuɗin mai kauri ba. A ganina wannan layin ya fi kowanne daraja, saboda ranar da matsi ya zo ba a samun natsuwar yanke hukunci, sai wanda aka riga aka yanke.

A nan Kakuri Adams Oshiomhole ya fara, ƙaramin ma'aikaci a Arewa Textiles. Ko kana son siyasarsa ko ba ka so, ka dubi yadda ya kama hanya guda, ta ƙungiyar ƙwadago, ya je ya yi mata karatu a Kwalejin Ruskin da ke Ingila, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1999, gwamnan Edo a 2008. Masaƙar ta rufe, shi hanyarsa ba ta rufe ba, domin bai jingina ta da ƙofar kamfani ba.

Ga masu cewa gobe ta Allah ce, gaskiya kuka faɗa, kuma ba mai jayayya. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Labarin Annabi Yusuf kuma, wanda ake karantawa a masallatanmu da majami'unmu, labari ne na mutumin da ya tsara shekara bakwai na tara hatsi saboda shekara bakwai na fari. Ka rubuta, ka sa in Allah ya yarda a kai, ka tashi ka yi. Idan ƙaddara ta juya, ka zauna ka gyara takardar, ba abin kunya ba ne.

Iyaye, don Allah kada ku rubuta wa 'ya'yanku. Aikinku ku tambaya, ku saurara, ku faɗi gaskiyar abin da aljihu zai iya. Kada kuma a ce 'ya mace ba ta buƙata tunda aure za ta yi. Matan tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka riƙe gidaje da ƙosai da ɗinki bayan 2002 sun isa shaida. Magidanci mai shekara hamsin ma ya rubuta nasa, ko da abin da ya rage masa shi ne ya aurar da yara ba bashi, ya koya wa wani abin da ya iya kafin ƙarfi ya tafi.

Limamai da fastoci, malaman Islamiyya, shugabannin makarantu da iyayen gidan sana'a, ku ne za ku iya mayar da wannan al'ada. Kafin ɗalibin aji shida ya karɓi takardar kammalawa, ko yaron shago ya karɓi 'yanci, a ware masa zama guda ya rubuta nasa, a nuna masa ƙofofin da ke kusa da shi: reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Barnawa, maƙeran Panteka a Tudun Wada, tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Kakuri a 2018. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya riƙe kwafi ɗaya, ya ba da ɗaya ga wani babba da ba ya jin nauyin gaya masa gaskiya. Bayan shekara, ko da Sallah ko da Kirsimeti, su biyun su zauna su karanta ta layi-layi, a ga wanne aka cika, wanne aka bari, kuma me ya sa.