Amsar Aro da Kuskuren Kai

Lokacin da nake koyon aikin malanta a wata makarantar firamare a Argungu, na taɓa rubuta wa 'yan aji uku lissafi a allo: a ɗebe 17 daga 32. Wata yarinya da ke zaune a bakin taga ta rubuta 25. Yaron da ke gefenta ya rubuta 15, kuma na ga sa'ad da ya miƙa wuya ya kwafo daga littafin na gabansa. Na kawar da kai, na ba shi maki da jan biro, ita kuwa na ja mata gicciye, na yi mata faɗa a gaban 'yan ajin.

Da yamma na haɗu da ita a hanyar kasuwa ɗauke da tiren soyayyen kifi. Cikin raha na ce da ita, in ta fito da kifi talatin da biyu, ta sayar da sha bakwai, saura nawa? Ko ƙyafta ido ba ta yi ba ta ce, "Sha biyat, Malam." Na tambaye ta yadda ta yi. Ta ce daga sha bakwai zuwa ashirin uku ne, zuwa talatin goma, a ƙara biyu. Tun daga ranar wata tambaya take cina: tsakanin yaron da ya kawo amsa daidai wadda ba tasa ba, da yarinyar da ta kawo kuskuren da tunaninta ya haifa, wa ya cancanci yabo, kuma wane hali na shuka a zukatansu da jan birona?

Sai da na koma gida na gane inda 25 ta fito. A littafi yarinyar ta ga 2 a sama, 7 a ƙasa, ta san ba a cire bakwai daga biyu, sai ta juya su ta samu biyar, ta cire ɗaya daga uku ta samu biyu. Wato ta bi ƙa'ida, sai dai ƙa'idar ce gurguwa, domin ban taɓa nuna mata ma'anar aron goma daga gidan gommai ba. Kuskurenta ya nuna mini daidai wurin da koyarwata ta yi rauni. Amsar yaron kuwa ba ta gaya mini komai game da shi ba, face cewa yana da dogon wuya.

Wannan ba a Argungu kaɗai yake faruwa ba. A shekarar 1985 wasu masana suka wallafa bincike a kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Barazil, suka tarar suna warware lissafin ciniki da ka cikin sauƙi, amma in aka ba su irinsa a takarda sai su ruɗe. Ɗan Bahaushe ma ba da kai fanko yake shiga aji ba. Wanda ya iya cewa "ashirin ba ɗaya" ya riga ya yi ɗebewa tun kafin ya riƙe fensir. Ƙasar nan kuma ba baƙuwar lissafi ba ce. Malaman Gwandu da Sakkwato sun daɗe suna raba gado da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, kuma Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi a kan hatimai na lambobi da masana tarihin lissafi ke ambato har yau.

To, amma akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta. Lissafi bai san kyakkyawar niyya ba. Ma'aikaciyar jinya da ta kuskure ma'aunin magani ba za ta kare kanta da cewa tunaninta ne ba, haka ma injiniyan da gadarsa ta rufta. Saboda haka 25 kuskure ce, kuma malamin da ya ce da yaro kuskurensa daidai ne don kada ya ɓata masa rai, ya ci amanarsa. Ban da haka, malamin da ke gaban aji maƙil da yara, zufa na zuba, alli na ƙarewa, ina zai samu lokacin bin tunanin kowane yaro? Hadda ma tana da amfaninta, domin wanda ya haddace jadawalin sau ya huta da ƙirga da yatsu har abada.

Na yarda da duk wannan. Sai dai akwai bambanci tsakanin a ce kuskure kuskure ne, da a mai da shi abin kunya. Yaron da aka wulaƙanta saboda ya yi tunani ya kuskure, alhali an yaba wa wanda ya kwafa, ya ɗauki darasin da ya fi ɗebewa zama a rai: cewa abin da ake so shi ne a gan ka da amsa, ko ta wace hanya ta zo. Wannan darasi ba ya tsayawa a aji uku. Shi ne ke girma ya zama satar jarrabawa a sakandare, ya zama takardar shaidar da mai ita bai san abin da ke cikinta ba, ya zama alƙaluman ƙarya a ofis. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yana tanƙwaruwa ta inda aka karkata shi, ko da ta karkatacciyar hanya ce.

A ganina ajin lissafi shi ne wurin farko da yaro ke cin karo da gaskiyar da ba ta duban fuska. Alamar daidai, 'yan layuka biyun nan, sikeli ce: abin da ke dama dole ya yi nauyin abin da ke hagu. Mutanen Argungu sun san darajar wannan. A bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934, dubban masunta kan faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, amma a ƙarshe sikeli ne ke faɗin gwani, ba ya kuwa tambayar ɗan wane ne. Manomin shinkafa a fadamar Birnin Kebbi da ya karɓi rancen taki da iri, in bai iya lissafa buhunan da zai biya ba, dukiyarsa tana hannun imanin wani. Addini ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye mudu. Yaya za mu sa ran mai awo nagari daga yaron da muka koya wa tun yana ɗan shekara takwas cewa amsar sata ma tana cin maki?

Abin da nake nema daga malami bai fi tambaya guda ba, kafin jan biro ya sauka: "Yaya kika yi?" Ko yara biyu ko uku ya tambaya a darasi ɗaya, sauran suna ji, za su gane cewa hanya ma ana dubanta. Wanda ya kwafa ba shi da amsar wannan tambaya, wanda ya kuskure kuwa yana da ita, kuma daga nan gyara ke farawa.

Washegari na shiga aji da tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma. Na ba yarinyar ɗauri uku da tsinke biyu, na ce ta ba ni sha bakwai. Ta yi shiru, can sai ta kwance ɗauri ɗaya. Na ce da ita aron da littafi ke nufi ke nan. A lissafi, in ka ari goma daga maƙwabci, dole ka rubuta cewa ka rage masa, kowa ya gani. Yaron nan ma na kira shi, na miƙa masa tsinkayen ba tare da na tona masa asiri ba. Sau biyu yana kuskurewa, a karo na uku ya samu sha biyar, kuma wannan karon tasa ce.